Na'urar da na haɗa ta cinye rediyon kawuna: yadda ake kama hayaniyar lantarki a kwamfuta tun kafin a buga bod

Kawuna na Unguwar Shanu ba ya haɗa rediyonsa da komai. Tun muna yara haka muka taso muka ganshi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya zare eriya har ƙarshe, yana murɗawa a hankali a gajeren zango har sai ya kamo BBC Hausa, kuma in ana labarai ko 'ya'yansa basa mishi magana. Bara na haɗa mishi sola a gidan, fanel biyu a saman kwano, batir ɗaya, sai kontirolar caji wadda ni na zana bod ɗinta, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, da kaina a laftof, na tura China aka bugo min, na zauna na yi wa kayanta soda ɗaya bayan ɗaya. Komai yayi aiki, batir na cika, fanka na juyawa, ni kuma raina fes. Kwana uku sai ga kiransa: "Ɗana, zo ka ji abin da na'urarka ta yi wa rediyona."

Na je da rana tsaka. Ya kunna, ba abin da ke fita sai shuuu da wani ƙara-ƙara kamar ana suyar ƙosai a cikin akwatin. Yace na dare yana jinsa tas, na asuba ma haka, shirin rana ne kawai ya gagara. Nan take gabana ya faɗi don na gane, da dare kontirola barci take, sai rana ta fito take fara aiki. Na zare wayar fanel, muryar mai karanta labarai ta dawo kamar yana zaune a tabarmar tare da mu. Na mayar, shuuu ta dawo.

Toh wannan matsalar ita injiniyoyi ke kira EMC, in za mu faɗa da Hausa sai muce zaman lafiya tsakanin na'urorin lantarki. Haƙƙi biyu ne a kan kowace na'ura kamar dai na maƙwabtaka, kar ta fitar da hayaniyar da za ta hana wata aiki, kuma ita ma in wata ta yi mata hayaniya daidai gwargwado kar ta rikice. Kowa ya taɓa cin karo da abin ko bai san sunansa ba. Wancan "dit-dit-dit-diiii" da lasifikar masallaci ke yi in liman ya manta waya a aljihu kusa da makirfo, wayar ce ke aika saƙonta guntu-guntu sau 217 a kowane sakan a tsohon tsarin GSM, wayoyin amfilifaya kuma suka ɗauka suka mayar da shi sauti. Tartsatsin da ke cizon yatsanka in ka taɓa ƙofar mota da hunturu shi ma cikin babin yake, haka tsawar damina da ke kashe dikoda ko da ba a gidan ta faɗi ba. Kuma abin ba a rediyo da lasifika ya tsaya ba, a watan Mayun 1982 lokacin yaƙin tsibiran Fokland makami mai linzami ya daki jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Sheffield mutum 20 suka mutu, cikin abubuwan da bincike ya nuna har da cewa a daidai lokacin na'urar jirgin ta magana da tauraron ɗan adam tana aiki, ta toshe kunnen ɗaya na'urar da ya kamata ta jiyo radar abokan gaba. Ka ɗauki wannan ka kai shi ɗakin tiyata ko ɗakin jariran da ke cikin kwalba inda yanzu ko'ina inbata da sola ake sakawa, zaka ga dalilin da ya sa abin ke damuna.

Duniya ta daɗe da sa doka a kai. Tun shekarun 1930 aka kafa wani kwamiti na ƙasa da ƙasa mai suna CISPR, kuma asalin abin da ya kawo shi kenan, kare masu sauraron rediyo irin kawuna. Su suka raba gwajin gida biyu, daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30 (kilohaz kaɗawa dubu ce a sakan, megahaz kuma miliyan) ana auna hayaniyar da ke bin waya, daga megahaz 30 zuwa sama ana auna wadda ke tashi ta iska da eriya a cikin wani ɗaki na musamman da aka lulluɓe da ƙarfe aka manna wa bangonsa abin da ke shanye igiyar rediyo. Amurka na da nata dokar a ƙarƙashin FCC, Turai kuma wancan tambarin CE da kake gani a jikin caja yana nufin mai kayan ya ɗau alhakin cewa sun cika irin waɗannan ƙa'idoji. A nan gida SON ce ke kula da ingancin kaya, NCC kuma ke tantance kayan sadarwa. Kuma iyakar da aka sa ƙanƙanuwa ce fiye da yadda mutum zai zata, tsakanin megahaz 5 da 30 abin da aka yarda kayan gida su zuba wa wayar wutar gari milibolt ɗaya ne tak, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Matsakaicin zango da gajeren zango gaba ɗaya suna cikin wannan yankin na ƙasa da megahaz 30, kaga kenan daidai gonar kawu na shiga.

Tambayar da na kwana da ita ita ce, batir da fanel ai wutar DC ce mai tafiya a miƙe, daga ina aka samo igiyar rediyo?

Daga makunni take. Kontirola, inbata, cajar waya, kwan LED, duk yanzu da dabara ɗaya suke aiki, akwai wani ɗan makunnin lantarki mai suna MOSFET a ciki da ke kunnawa yana kashewa da sauri, tawa sau dubu 100 a sakan. Mutum zai ce toh kilohaz 100 ina ya haɗu da gajeren zango da ke can megahaz goma sha wani abu. Inda sirrin yake shi ne ba yawan kunnawar ce kaɗai matsala ba, kaifin kunnawar ne. Ƙofar ƙarfe in ka tura ta a hankali ba mai ji, in ka bugo ta gaba ɗaya layin sai ya ji. MOSFET ɗina yana tashi daga kashe zuwa kunne cikin nanosakan 10, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, kuma duk igiyar da ke da kaifin baki haka ba ita kaɗai take tafe ba, tana ɗauke da 'ya'ya da jikoki, kilohaz 200, 300, 400, haka har sama. Akwai lissafin da muke yi da ka, ka raba 0.35 da lokacin tashin, nanosakan 10 zai baka megahaz 35. Wato tun daga ƙasa har wajen megahaz 35 na'urata tana da abin faɗa.

Sai abu na biyu wanda shi ne ba a gani a zanen sakit kwata-kwata. A takarda layin da ya haɗa kafasita, mai ajiye wuta na ɗan lokaci, da MOSFET layi ne kawai, ba shi da hali. A kan bod kuwa jan ƙarfe ne mai tsawo, kuma kowace milimita ɗaya tana da indaktans, wato halin ƙin yarda wutar cikinta ta canja farat ɗaya, kusan nanohenri ɗaya a ma'auninsa. Ni don in samar wa ƙarfen sanyaya wuri sai na matsar da kafasitar shiga gefe, tafiya da dawowar wutar ta tashi wajen santimita 5, wato nanohenri 50 kenan da ban saya ba ban kuma zana ba amma suna nan. Ka datse amp 10 cikin nanosakan 10 a kan nanohenri 50, bolt 50 ne ke tsalle a wurin. Shi kuma MOSFET yana da nashi kafasitans a ciki, wato halin ajiye wuta irin na kafasita, da na dayod da sauran su suka taru wajen nanofarad 2, toh indaktans da kafasitans in suka haɗu sai su riƙa kaɗawa kamar ƙararrawar da aka buga, kuma waɗannan alkaluma biyun in ka lissafa suna kaɗawa ne a wajen megahaz 16. Duba fuskar tsohon rediyo, nan kusa da mita 19 ne, inda tashoshin waje da yawa ke zama da rana.

Ita kanta kafasita ba waliyiya bace. Wannan 'yar ƙaramar da muke kira 104, nanofarad 100, wadda duk inda aka ji hayaniya sai ace manna 104, in ka bar mata dogayen ƙafafu ƙafafun kaɗai sun kai nanohenri 10, kuma da haka daga wajen megahaz 5 zuwa sama ta daina zama kafasita ta koma indakta. Tana nan a zaune a bod, kana kallonta kana jin ka sa magani, alhali a inda ciwon yake ba ta komai.

Na uku, eriya. Bod ɗin tafin hannu ba zai iya watsa megahaz 15 da ƙarfi shi kaɗai ba, yayi ƙanƙanta, don tsawon igiyar megahaz 15 mita 20 ne. Amma waya mai tsawon rubu'in haka, mita 5, cikakkiyar eriya ce. Na ɗauko tef na auna wayar da ta sauko daga saman kwano zuwa ɗakin da batir yake, mita biyar da 'yan kai. Wallahi sai da na zauna. Ashe gidan rediyo na gina wa kawu a kan rufinsa ban sani ba. Kuma wutar da ake buƙata ta bi wayar don a yi ɓarna ba wata mai yawa bace, a megahaz 50 wayar mita ɗaya in maikro'amp 5 kacal suka bi ta ta fuska ɗaya ba tare da mai soke su ba, sun isa su kai ka bakin iyakar da Amurka ta sa wa kayan gida. Miliyan ɗaya na maikro'amp ne ke yin amp ɗaya, ni kuma ina wasa da amp 10.

Duk wannan bayanin bayan ɓarna na same shi. Manyan kamfanoni suna da kuɗin da za su haɗa samfuri su kai ɗakin gwaji, ya faɗi, su gyara su sake kaiwa. Mu a Kaduna kowane kuskure a bod yana nufin sake zane, sake biya da dala, sake jiran sati biyu ko uku kafin kaya su iso, kuma ɗakin gwajin ba abu bane da zaka hau keke napep ka je. Shi ya sa nake ganin simuleshan, wato a kwaikwayi na'urar a cikin kwamfuta a ga halinta kafin a yanka jan ƙarfe, ya ma fi yi mana amfani fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Hawa biyu ne. Na farko kwaikwayon sakit, inda kake jera kayan da alamominsu kwamfuta ta lissafa bolt da amp na kowane lungu a kowane ɗan lokaci. Kakan manhajojin wannan aikin shi ne SPICE da aka fitar a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli a 1973, jikokinsa kuma suna nan kyauta, LTspice kyauta ce, KiCad da nake zana bod da ita ma kyauta ce kuma tana da nata a ciki. Abin da ya fi min ciwo shi ne ai na gwada kontirolar a LTspice tun kafin in buga, kuma ta fito tsaf, igiya mai kusurwa huɗu kamar an ja da rula. Dalili kuwa na ba ta kaya irin na aljanna ne, waya mara indaktans, kafasita mara ƙafa, ita kuma ta amsa min daidai tambayar da na yi mata. Da na dawo daga gidan kawu a daren na buɗe fayil ɗin, na saka indakta ta nanohenri 50 a inda dogon layin yake, na ba kowace kafasita indaktans da rasistans ɗinta na ciki, na sauko da ainihin model ɗin MOSFET, wato bayanin halinsa da ake ba kwamfuta, daga wurin masu ƙera shi, na kuma ƙara 'yar kafasita ta fikofarad 30 tsakanin bayan MOSFET da ƙarfen sanyaya, don wancan siririn abin da muke sakawa tsakaninsu yana hana DC wucewa amma ba ya hana mai sauri. Ina danna gudu sai ga shi, a bakin kowace kunnawa igiya ta yi tsalle sama ta riƙa rawa tana raguwa a hankali. Na aro osiloskof, na'urar da ke nuna siffar igiyar wuta a allo, wurin wani abokina washegari na ɗora a kan ainihin bod ɗin, rawar nan tana nan, saurinta kusa da abin da kwamfuta ta nuna. Gani ya kori ji.

Daga nan aiki ya zama mai daɗi. A ɗakin gwaji akwai wani akwati da ake kira LISN da ake sawa tsakanin wuta da na'ura don a auna hayaniyar da ke komawa ta waya, cikinsa ba wani abu bane illa indakta ta maikrohenri 50 da kafasita da rasista mai om 50, toh shi ma zaka iya zana shi a cikin LTspice, ka ce ta yi maka FFT, wato ta warware igiyar ta jera maka 'ya'yanta kowanne da tsayinsa daga kilohaz 150 har megahaz 30, sai ka kwatanta da layin iyaka. A dare ɗaya na gwada dabaru sun fi ashirin ba tare da na ƙona ko rasista ɗaya ba. Na ƙara rasistar get, wato ƙafar da ake ba MOSFET umarnin kunnawa ta ita, don ya rage kaifi, hayaniyar sama ta sauka amma sai zafinsa ya ƙaru, don duk lokacin da ya ɓata a tsakiyar hanya wuta yake ci, kuma mai zaune a garin da watan Maris da Afrilu ke yin irin zafin namu ba zai yi wasa da wannan ba. Na sa sinoba, rasista da kafasita a jere a kan makunnin don su shanye rawar, ta yi aiki ita ma da nata ɗan kuɗin wutar. Amma abin da ya fi duka kawo sauƙi kuma ba ya cin ko kwabo shi ne da na mayar da nanohenri 50 ɗin zuwa 10, wato in dawo da kafasitar ta manne da MOSFET.

Sai dai kwaikwayon sakit yana da iyaka, ni ne na ba shi nanohenri 50 ɗin daga ƙiyasi na, shi bai san siffar bod ba, bai san akwai rami ko tsaga ko akwati ba. Nan hawa na biyu ke shigowa, kwaikwayon fili, inda kwamfuta ke ɗaukar ainihin siffar jan ƙarfen da faɗinsa da kaurinsa da iskar da ke kewaye ta lissafa yadda lantarki da maganaɗisu ke yawo a ciki. Dokokin da take bi tsofaffi ne, James Clerk Maxwell ɗan Sikotilan ne ya tattara su a shekarun 1860, matsalar dai da biro da takarda sai siffa mai sauƙi kawai ake iya warwarewa. A 1966 wani masani a Amurka mai suna Kane Yee ya fito da hanyar da yanzu ake kira FDTD, ka yanka sararin gaba ɗaya zuwa ƙananan akwatuna kamar an jera sukari mai ƙwaya, ka yanka lokaci ma guntu-guntu, a kowane taki kowane akwati ya duba maƙwabtansa ya sabunta abin da ke cikinsa, a haka igiya ke tafiya daga akwati zuwa akwati kana kallo kamar fim. Akwai wasu hanyoyin, Ansys HFSS ta shahara da yanka sarari zuwa ƙananan dala-dala masu fuska huɗu, CST Studio Suite tana da hanyoyi da yawa a ciki, dukansu lasisinsu tsada gare shi sosai amma suna da na ɗalibai mai iyaka. Ni da openEMS na yi, kyauta ce, hanyar Yee take bi, sai dai sai ka iya ɗan rubuta umarni da Octave ko Python.

Abin da na gani a nan shi ne ya canja min yadda nake kallon bod har abada. Wuta duk inda ta je sai ta dawo gida, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne mai sauri ba ta bin hanya mafi kusa wurin dawowa, tana bin ƙarƙashin layin da ta tafi a kai ne, manne da shi, don nan ne zoben da take zagayawa ya fi ƙanƙanta. Bod ɗina hawa biyu ne, ƙasan duk giraun ne, wato shimfiɗar jan ƙarfen da wuta ke dawowa ta kanta, amma da na rasa inda zan bi da layin da ke zuwa sikirin sai na tsaga giraun ɗin na wuce da shi, tsaga mai tsawon ɗan yatsa. A hoton da kwamfuta ta zana min, wutar dawowa ta taho ja-wur a ƙarƙashin layinta, ta iso bakin tsagar ta rasa gada, sai ta karkata ta bi gefe har ƙarshen tsagar ta zagayo ta ɗaya ɓangaren, kamar wanda ya taso daga Barnawa zai shiga gari aka ce gadar kogi a rufe take sai ya nemi wata. Wannan zagayen shi ne ya buɗe zobe, ya kuma sa ɓangarori biyu na giraun ɗin suka daina zama ɗaya, kuma a ɗaya ɓangaren ne wayar fanel ta kama. Na goge tsagar a zanen na sake gudu, jan ya miƙe ya wuce abinsa.

Kar wani ya ɗauka zai zuba dukan gida a kwamfuta ya danna maɓalli ta ce mishi ya ci ko ya faɗi. Ƙa'idar ita ce kowane akwati kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma ko cikin ashirin na tsawon igiyar, amma kuma dole ya yi ƙanƙantar da zai ga siririn layi, jan ƙarfen bod kaurinsa maikromita 35 ne kawai, wayar fanel kuma mita 5, ka haɗa su a lissafi ɗaya da akwatuna masu girma ɗaya laftof ɗinka ba zai gama ba. In ka raba girman akwati biyu yawansu zai ninka sau 8, yawan takin lokaci ma ya ninka sau 2, aikin ya zama ninki 16, lissafin awa ɗaya ya koma na awa 16, a garin da ana iya ɗauke wuta a tsakiya. Shi ya sa gwanintar tana wurin sanin abin da za a bari a waje. Ka yanko lungun da wuta mai kaifi ke zagayawa kaɗai ka kwaikwaye shi a fili, ka ciro indaktans da kafasitans na gaskiya, ka mayar da su cikin kwaikwayon sakit, wayar kuma ka yi mata nata lissafin daban a matsayin eriya.

Akwati ma haka. Mutanenmu na Panteka ba abin da ba za su lanƙwasa maka da ƙarfe ba, kuma akwatin ƙarfe garkuwa ce mai kyau, amma igiya ba ta damu da faɗin rami ba, tsawonsa take dubawa. Doguwar tsaga ɗaya ta shan iska mai santimita 15 a wajen gigahaz ɗaya eriya ce sosai, ƙananan ramuka zagayayyu masu yawa da ke shigar da iska daidai da ita sun fi ta rufe hayaniya nesa ba kusa ba. Akwatin kontirolata an fesa mishi fenti ciki da waje yayi kyau, ni ne ban ce a bar bakin murfi ba fenti ba, sai ya zama murfin da jikin basa taɓa juna sai ta kusoshi huɗu, tsakanin kowace kusa da 'yar'uwarta doguwar tsaga ce da ido ba ya gani. Irin wannan kwamfuta ba za ta taɓa faɗa maka ba in kai ka zana mata akwatin a matsayin ƙarfe ɗaya dunƙulalle.

Nan ne nake so masu tasowa su tsaya su ji ni da kyau. Kwamfuta abin da ka ba ta shi take tauna. In ka sayo MOSFET a kasuwa lambar jikinsa daban abin da ke ciki daban, model ɗin da ka sauko da shi na wani ne ba nashi ba. In mai haɗawa ya raba wayar fositib da negetib ɗaya ta bi nan ɗaya ta bi can maimakon ya murɗa su tare, ya buɗe zoben da ba ya cikin zanenka. Don haka ni ban yarda da simuleshan a matsayin mai yanke hukuncin cewa ga adadin hayaniyar da za ta fita ba, na yarda da shi ɗari bisa ɗari a matsayin mai gaya min tsakanin zane na farko da na biyu wanne ya fi kuma me ya sa. Sauran sai awo. Kuma awon ba sai da miliyoyi ba, guntun wayar dish ka lanƙwasa bakinta ta zama ɗan zobe ka haɗa da ƙaramar na'urar duba firikwensi irin ta aljihu, ka riƙa shafa saman bod kana ganin inda ya fi zafi, ko ma ƙaramin rediyo mai batir ka sa shi inda ba tasha ka matso da shi kusa.

Ɓangaren juriya ma ana kwaikwayonsa, kuma mu 'yan arewa ya fi shafa. Gwajin tartsatsin jiki da ake yi wa kayan gida ya kan kai bolt dubu 4 in an taɓa ƙarfe kai tsaye, dubu 8 ta iska, kuma wutar na tashi cikin ƙasa da nanosakan ɗaya. Da hunturu in iska ta bushe ƙayau mutum ya tashi daga kan kujerar roba ya taɓa maɓallin na'ura, gwajin nan yake yi mata ba tare da ya sani ba. A kwamfuta zaka iya harba wannan tartsatsin a bakin soket ɗin USB ka bi sawunsa, ka ga ko ya sauka a akwati ya tafi ko sai da ya ratsa ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwar na'urar, nan zaka gane dalilin da ya sa dayod ɗin kariya dole ya zauna a bakin ƙofa ba a tsakiyar bod ba. Ina kallon yaranmu na Kaduna Poly da KASU da AFIT da ABU Zariya, kusan kowace shekara wani na haɗa inbata ko kontirola a matsayin aikin kammalawa, kuma da yawansu nan gaba su za su riƙa ƙera na sayarwa, babban burina shi ne kowannensu kafin ya tura bod ya zauna dare ɗaya ya saka waɗannan nanohenri ɗin da ba a gani a cikin zanensa ya ga me zai fito.

Bod na biyu ya iso bayan sati uku. Kafasitar shiga manne da MOSFET, ƙananan kafasitoci marasa ƙafa guda uku a gefenta, giraun ba tsaga ko ɗaya, layin sikirin na bi da shi ta can baki, sinoba, da zoben ferait irin wancan kumburin da ke jikin wayar cajar laftof wanda na zura wayoyin fanel biyun tare ta cikinsa. Na kankare fentin bakin murfi da sanfefa, na hau sama na murɗa wayoyin nan biyu suka sauko tare kamar igiya. Ana gab da shirin rana na mayar da wayar fanel, kawu na zaune da rediyon a cinya bai ɗago kai ba, ya murɗa kaɗan, ya ƙara murɗawa, sai ga murya ta fito. Nace Kawu akwai saura? Ya ɗaga min hannu alamar in yi shiru ana labarai. Sai da aka gama yace in ya kai allurar can wajen mita 25 yana jin wani siririn fito in rana ta take sosai, amma ba ya hana shi ji. Na rubuta a littafina, mita 25 wajen megahaz 12 kenan, ina zargin 'yar kafasitar nan ta bayan ƙarfen sanyaya ce, ita zan fara canjawa a LTspice yau da dare.